Shekaru ko ganga: da me ake yi wa tsohon burbon hukunci?

Ishaya (Louisville): Jama'a barkanmu da yamma. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar burbon, wato wiskin masara na Amurka, musamman Anti Rifkatu da Dakta Aminu. 'Yan'uwa Musulmi a yi mini haƙuri, maganar wurin aiki ce. Shagon da nake aiki mukan sayi ganga guda sukutum daga kamfani, su ɗura mana a kwalabe da tambarin shagonmu a jiki. Bana oga ya tafi da ni zaɓe. Aka shiga da mu sito, mai kula da wurin ya ɓalle toshiyar kowace ganga da guduma, ya zura dogon bututun tagulla ya ɗebo mana a ƙananan kofuna. Girki ɗaya ne, rana ɗaya aka ɗura su, duk shekara 10, amma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Siton mai hawa-hawa ne, ta hawan sama ta yi ja sosai, ga yaji kamar kirfa da masoro. Ta tsakiya kuwa ƙamshin ƙonannen sukari da dabino, tana wucewa salin-alin. Sai suka fito da wata mai shekara 15, da ƙarin kuɗi. Ni dai da na kurɓa, bauri na ji, bakina ya bushe. Oga ya ce ita za mu ɗauka. To harshena ne bai waye ba, ko kuwa?

Baba Yohanna (Chicago): Ishaya ɗana, da tsohuwar zuma ake magani. Ogan naka ya san abin da yake yi. Tun kana goye nake shan wiskin Sikotlan, kuma ban taɓa ganin mai shekara 10 ya kai mai shekara 18 ba. Baurin da kake ji shi ne girman. Bakinku ya saba da kayan zaƙi ne kawai.

Rifkatu (Lexington): Baba ina gaisuwa, amma yau kam ba zan bi bayanka ba. Na Sikotlan daban, burbon daban. Su can a tsohuwar ganga suke zubawa, wadda aka riga aka tatse, yawancinta ma daga nan jihar Kentaki ake kai musu bayan mun gama da ita. Ga ƙasarsu da sanyi da danshi shekara da shekaru. Burbon kuwa doka ta ce dole sabuwar ganga fil, ta itacen oak da aka ƙone cikinta, ba a maimaitawa. Sabuwar ganga a zafin Kentaki tana sakin abin da ke jikinta da sauri. Abin da na Sikotlan zai samu a shekara 18, burbon ya samu tun kafin ya kai 10. Ishaya, harshenka lafiya lau.

Malam Sani (Bronx): Assalamu alaikum. Ni dai ina ganin wannan zance bai dace da zauren nan ba. Giya haramun ce da nassin Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, kuma hadisi bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai yi, da mai sayarwa, da mai ɗauka. Yanzu mun zauna ana koya mana yadda ake gane mai daɗi.

Hajiya Binta (admin): Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ka faɗa a kan hukuncin, kuma ba wanda ya ce ya halatta ga Musulmi. Amma zauren nan na masu jin Hausa ne mazauna Amurka, da Musulmi da Kirista, kuma Ishaya kan sana'arsa ya yi tambaya. Sharaɗina biyu: ba talla, ba gayyatar kowa ya sha. Wanda zancen bai yi masa ba ya wuce shi.

Ladi (Atlanta): Malam Sani kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Mu 'yan ECWA ma ba ma sha, babana da ya ji wannan hira da tuni ya fita. Ni dai ina karantawa ne don in ga inda Baba Yohanna zai ɓullo.

Dakta Aminu (Columbus): Ni ban taɓa sa shi a baki ba kuma ba zan sa ba, amma ilimin sinadaran abinci ne aikina, don haka bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin gangar.

Abin da ake zubawa a ganga fari ne tas kamar ruwa. Duk jan da kuke gani daga itacen yake, domin doka ta hana a ƙara wa burbon kala ko ɗanɗano, ruwa kaɗai aka yarda. Sauran sharuɗɗan: aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin ya zama masara, kada ƙarfin barasa ya wuce kashi 80 wajen tacewa, kada ya wuce 62.5 lokacin shiga ganga, kada ya gaza 40 a kwalba.

Idan aka ƙone cikin ganga, abu biyu ake samu. Gawayin da ke sama yana tsotse wari irin na ƙibiritu da ke cikin sabon girki. Ƙarƙashin gawayin kuma akwai wani sashe ja inda zafi ya narkar da sukarin itacen. Daga nan ƙamshin karamel yake zuwa, na banila kuma daga wani ɓangaren itacen ne da zafi ya farfasa. Da bazara ruwan ya kumbura ya kutsa cikin katako, da hunturu ya ja baya ya taho da abin da ya kwaso. Kowace shekara haka. To matsalar ita ce zaƙin nan yana da iyaka, yawancinsa a shekarun farko yake fita. Sinadarin da ke kawo bauri kuwa, irin wanda ke cikin ganyen shayi idan an bar shi ya daɗe a buta, shi bai daina fita ba. Ga kuma ruwan yana raguwa, domin a Kentaki kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na tserewa ta jikin katako duk shekara. Ruwa na raguwa, bauri na taruwa. Akwai lokacin da zai rinjayi komai.

Duk wanda ya taɓa shan ruwan sabuwar randa ya san ɗanɗanon ƙasar nan da take saki da farko, da yadda tsohuwar randa ba ta yin haka. Bambancin gangar Kentaki da ta Sikotlan ke nan.

Baba Yohanna (Chicago): Dakta, kai da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba za ka koya mini? To in haka ne, me ya sa burbon ɗin nan Pappy Van Winkle mai shekara 23 mutane ke biyan dubban daloli a kansa? Duk mahaukata ne?

Dakta Aminu (Columbus): Baba ban isa in koya maka sha ba, ganga kawai nake bayani.

Rifkatu (Lexington): Baba, Pappy ma shaida ce a gare mu. Na farko, girkinsa da alkama ne a madadin hatsin rai (rye), kuma mai alkama ya fi jure daɗewa. Na biyu, ba kowace ganga ke kai 23 ba, ana bin su ana ɗanɗanawa, wadda ta fara lalacewa a fitar da ita tun da wuri. Na uku, a otal ɗin da nake aiki na zuba wa mutane da yawa na 15 da na 23, kuma waɗanda suka san abin, akasarinsu na 15 suke komawa. Na 23 mai biyan kuɗi ne ke so a ga ya saya. Tsadarsa ta ƙarancinsa ce. Ka lissafa: ganga tana ɗaukar galan 53, wajen lita 200. Bayan shekara ashirin da wani abu, abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba, wata ma a buɗe a tarar ta ƙafe. Dole kwalbar ta yi tsada ko da daɗi ko babu.

Jimmy Russell na kamfanin burbon na Wild Turkey tun 1954 ya fara wannan aiki, kuma kowa a harkar ya san shi ba mai son a bar burbon ya tsufa fiye da kima ba ne. In akwai wanda ya isa ya ce "tsohuwar zuma", ai shi ne.

Danladi (Houston): Ni duk wannan dogon turanci bai dame ni ba. In na ga kwalba mai doki a kan murfi, na san na samu. Blanton's ko ba komai.

Ishaya (Louisville): Danladi irinku ne ke hana mu sakat a shago. Kullum sai an shigo ana tambayar mai doki, wasu ma murafen suke tarawa don su haɗa haruffa takwas na sunan.

Rifkatu (Lexington): Ai Blanton's ɗin ne ya fara wannan harka ta kwalbar ganga guda, a 1984. Elmer T. Lee ne ya fito da shi a masana'antar da yanzu ake kira Buffalo Trace a Frankfort, lokacin kasuwar burbon ta faɗi a Amurka, Japanawa ne ma suka fi saye. Ya tuna yadda tsohon ogansa Albert Blanton kan sa a ɗebo wa manyan baƙi daga gangunan tsakiyar sito mai lamba H. Sito ne mai bangon ƙarfe, zafi da sanyi na ratsa shi da sauri. Amma Danladi ka duba kwalbarka da kyau: babu shekaru a jiki. Abin da aka rubuta da hannu shi ne ranar da aka juye gangar, lambarta, sito, da layin da ta zauna. Wato su da kansu suna gaya maka cewa wurin zama da lambar ganga ne labarin. Kwalba biyu na Blanton's daga ganga biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Na taɓa buɗe wata da ta yi lami, ba ta kai rabin kuɗinta ba.

Danladi (Houston): Anti kin ɓata mini lissafi. To lambar yabo fa? In na ga an manna zinariya a kwalba ba shi ke nan ba?

Rifkatu (Lexington): Yauwa, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A 2019 Henry McKenna mai shekara 10, na kamfanin Heaven Hill, ya zo na ɗaya a dukkan wiski a gasar San Francisco. Kafin nan dala 30 da 'yan kai ake sayar da shi, yana zaune a kanta ƙura na hawansa. Sati bai zagayo ba ya ɓace daga shaguna, da ya dawo kuma farashi ya ninka. To amma kwalbar ganga guda ce. Alƙalai ganga ɗaya suka ɗanɗana, wadda ba ta fi 'yan kwalabe ɗari biyu ba. Dubban mutanen da suka yi layi, wasu ganguna daban suka saya. Wasu sun dace, wasu suka sha suka ce wannan ne gwanin duniya? Alƙalan ba su yi ƙarya ba, ba sa ma ganin sunan abin da suke sha. Amma hukuncinsu kan waccan gangar ne, ita kuwa an shanye ta tuntuni.

Dakta Aminu (Columbus): Akwai gwajin da ya tabbatar da maganar Anti. Buffalo Trace sun zaɓi bishiyoyi 96 a Missouri, suka raba kowace biyu, sama da gindi, aka yi ganga 192, kowace daga rabin bishiya guda. Suka sassauya ƙarfin ƙuna, tsawon shanyar katako, irin girki, da irin sito, aka bar su shekara 8. Daga 2011 suka fara fitar da su mutane na ba da maki, ganga mai lamba 80 ta yi nasara. Shekaru ɗaya duka, amma har saman bishiya da gindinta ba su ba da ɗanɗano ɗaya ba.

Batun hawa kuma da Ishaya ya lura da shi: sitocin nan wasu hawa bakwai ne, wasu tara. Can sama zafi ne da bushewa, ruwa ya fi barasa saurin fita, sai ƙarfin ya hau, ganga ta shiga da 62.5 ta fito da kusan 70. A ƙasa sanyi da danshi, ƙarfin kan tsaya ko ya sauka. Shekara 15 a hawan ƙasa na iya yin kyau. Shekara 15 a ƙarƙashin kwano kuwa, ruwan katako za ka sha. Shi ya sa kamfanin Four Roses suka gina sitocinsu hawa ɗaya, don bambancin ya ragu. Ishaya, mai 15 ɗin a wane hawa take?

Ishaya (Louisville): Hawa na shida Dakta, a sito mai bakwai.

Dakta Aminu (Columbus): To ka ji.

Mahamadou (Indianapolis): Salam. Ni tambayata gefe take. Ina tuƙa babbar mota, wani lokaci a ba ni lodin ganguna wofi daga masu ƙera su zuwa Bardstown, garin masana'antun burbon a Kentaki. Sababbi ne, ba a taɓa zuba komai ba, ƙamshin ƙonannen itace kawai. Malam Sani, wannan ya shiga cikin "mai ɗauka"?

Malam Sani (Bronx): Malam Mahamadou, tunda ka san inda za su da abin da za a yi da su, ni a ganina barinsa ya fi, in kana da zaɓin lodi. Amma kada ka ɗauki fatawa a zauren hira. Ka samu malami a masallacinku ka ba shi bayani dalla-dalla. Allah ya ba mu halal.

Mahamadou (Indianapolis): Amin, na gode Malam.

Ishaya (Louisville): Anti Rifkatu, koya mini yadda kike yi, don wani karon in iya kare ra'ayina a gaban oga. Ni da na ce masa "ba daɗi" sai ya yi dariya.

Rifkatu (Lexington): Don "ba daɗi" ba hujja ba ce, ƙanena. Ka fara da cewa a rufe maka lambobin. Da zarar ka san wannan mai 15 ce, ƙwaƙwalwarka ta riga harshenka yanke hukunci. Kada ka je da turare a jiki, kada ka ci yaji ko goro kafin nan. Kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki ya fi, irin Glencairn.

Hanci ne ke yin yawancin aikin. Kada ka tura shi ciki ka zuƙa, barasar za ta ƙone ka ka daina jin komai. Ka kusanto da kofin a hankali, bakinka a ɗan buɗe. Kurɓar farko ba a ƙirga ta, ta saba wa baki ce. Ta biyu ka juya ta ko'ina kamar kana tauna, yadda marigayi Booker Noe na Jim Beam ya shahara da yi. Sannan ka tofar. E, tofarwa ake yi, wanda ya haɗiye duk abin da aka miƙa masa, kafin ganga ta huɗu duk sun zama ɗaya a bakinsa.

Abin da nake nema a tsohuwar ganga: shin har yanzu ina jin hatsin, ko itace ya binne shi? Tsufa mai kyau yana zuwa da ƙamshin jemammiyar fata, ganyen taba, busasshen 'ya'yan itace, amma zaƙin masara na nan a ƙarƙashi. Sai kauri: yana lulluɓe harshe kamar mai, ko tsararo ne? Sai abin da ya rage bayan ya wuce. Nan tsofaffi ke faɗuwa. Mai kyau ɗuminsa na sauka ƙirji, ɗanɗanon ya daɗe yana sauyawa. Wanda ya wuce lokacinsa kuwa, dasashinka ya kama, harshe ya yi kaushi, ɗaci kaɗai ya rage. Shi ka ji.

Daga nan ka ɗiga ruwa kaɗan ka jira. Ganga mai kyau buɗewa take yi, sabon ƙamshi ya fito. Marar kyau wargajewa take, itacen ya tsaya shi kaɗai. Kuma ka tambaya da wane ƙarfi za a ɗura, domin abin da ka ɗanɗana daga ganga yana da 60 da wani abu, in za su sauke shi zuwa 45 ko 50 to a haka ya kamata ka gwada. Kofin da ka gama da shi kada ka bari a ɗauke, ka sansana shi bayan ya bushe.

Dakta Aminu (Columbus): Maganar ruwan nan ma an yi bincike a kai. A 2017 wasu masana biyu a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa idan aka sirka, wani sinadarin ƙamshi yana tasowa saman ruwan inda hanci zai same shi. Masu haɗa wiski a Sikotlan ma sukan sirka har zuwa kusan kashi 20 kafin su sansana.

Baba Yohanna (Chicago): Ruwa a wiski! Yaran zamani. To na ji maganar sabuwar ganga, ban ƙi ba. Amma burbon ɗin Elijah Craig mai shekara 18 fa, Rifkatu? Ganga guda ne shi ma, kuma na sha na ji daɗinsa.

Rifkatu (Lexington): Ban ce duk tsoho ba shi da kyau ba Baba. Na 18 ɗin nan in ka dace da ganga, ba abin da ya kai shi. In ba ka dace ba kuma, na 12 ɗinsu na da ya fi shi. Kai ka dace.

Ladi (Atlanta): Elijah Craig ɗin nan ba fasto ba ne?

Rifkatu (Lexington): Mai wa'azin Baptist ne, kuma ya yi giya a Kentaki a ƙarshen ƙarni na 18. Labarin cewa shi ya fara ƙona ganga kuwa, tatsuniyar 'yan talla ce.

Ladi (Atlanta): Wannan kam ba zan gaya wa babana ba.

Danladi (Houston): Amma fa tsakani da Allah ku daina ganin laifin ogan Ishaya. Ɗan kasuwa ne. In aka jera kwalba mai 10 da mai 15, ni dai 15 zan ɗauka, kuma irina sun fi irin Anti yawa.

Ishaya (Louisville): Abin da ya ce ke nan. Wai lamba ce ke sayar da kwalba. Sai dai mai 15 ɗin kwalaben da za ta bayar ba su kai na mai 10 ba, ga tsada, don haka kowace kwalba sai ta kusa ninka kuɗi.

Rifkatu (Lexington): Lamba tana sayar da kwalbar farko. Amma masu sayen zaɓin shago ba 'yan tsautsayi ba ne, sun san juna, suna da zaurukansu, cikin kwana biyu labari ya zaga cewa zaɓin shagon kaza katako ne. Badi in kun kawo wata sai su ce a bari wani ya fara buɗewa. Tambarinku ne fa a jiki, ba na kamfanin kaɗai ba. An riga an biya ne?

Ishaya (Louisville): An sa hannu, amma sai nan da wata biyu ko uku za a ɗura. Sun ba mu samfur a ƙananan kwalabe na kowace ganga, suna ofis.

Rifkatu (Lexington): To ka zuba su a kofuna iri ɗaya, ka rubuta lamba a ƙarƙashi, ka kira oga da manyan kwastomominku biyu ko uku bayan an rufe shago. Kada ka ce uffan. In sun zaɓi mai 15 ido rufe, ka yi shiru ka sayar. In sun zaɓi ta tsakiya, ya buga wa kamfanin waya tun ba a ba wani shagon ita ba.

Baba Yohanna (Chicago): Ku aiko mini da nawa samfurin in raba muku gardama.

Hajiya Binta (admin): Baba, sharaɗi na biyu.